Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kansilan mazaɓarmu: takardar filin nan kawai muke nema

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki ya fama da jama'a?

Na rubuto maka a fili ne saboda sau uku muna zuwa ofis ana ce mana ka fita, kuma dama maganar ba ta sirri ba ce, ta unguwa ce gaba ɗaya. Filin nan ne na bayan makaranta da ka sani, wanda shekara da shekaru bola ce kawai, leda ko'ina, in aka cinna mata wuta da yamma hayaƙi har cikin ɗaki, masu asma su kwana suna tari. To bara matasa da iyayenmu mata suka ce ya isa haka, aka yi karo-karo aka sayi shebur da baro, sati shida ana kwasa, yanzun in ka leƙa tumatir ne da albasa da karas da ganye. Wanda ya yi aiki yana da kasonshi, kuma akwai kason da ake warewa gidajen da babu mai nema, tsofaffi da marayu, ba hoto ba surutu.

Abun da ya fi burge ni ma ramin takin ne wallahi. Ɓawon kayan lambu da ragowar abinci da busasshen ganye da a da kwata ake zubawa, yanzun yara ne ke bi gida gida da bokiti suna karɓowa, a jera ɗanye a jera busasshe, a yayyafa ruwa, duk sati a juya, cikin wata biyu zuwa uku ya koma baƙar ƙasa mai laushi da ba ta wari. Yaron da ya juya ramin nan da hannunshi ba sai ka tara shi a aji kana mishi bayanin muhalli ba, shi ne ma zai gaya maka cewa abinci in ya ruɓe a danne cikin bola babu iska, iskar methane yake fitarwa mai ƙara ɗumamar duniya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tun 2011 ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya asararshi ake yi, wajen tan biliyan 1.3 duk shekara, mu dai namu ɗan kason mun fara maida shi ƙasa.

Matsalar ranka ya daɗe, ba mu da ko fallen takarda. Kullum sai an zo da sabon labari, yau a ce shaguna za a yanka, gobe a ce an ba wani. Mun so dasa bishiyoyi a gefe mutane suka ce haba, mu shayar shekara uku katafila ta zo ta tumɓuke? Kuma gaskiyarsu ce. Izini muke so a rubuce, da sa hannu da hatimi, ko na shekara biyar ne, filin ya ci gaba da zama na hukuma, mu amfani kawai za mu yi.

Ba mu muka fara ba ai. A wani ƙaramin gari a Ingila, Todmorden, a 2008 mutanen gari suka fara shuka abinci a gefen titi da duk inda aka bar fili, kowa ya zo ya tsinka. A Habana ta Kyuba bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, da takin zamani da mai suka yanke, filayen banza na cikin birni aka maida lambuna kuma gwamnati ce ta ba da filayen. Wanda na fi so ka duba shi ne na Kuritiba a Burazil, inda tun 1991 mutum zai kai kilo 4 na sharar da ake sake sarrafawa a ba shi kilo 1 na kayan lambu. Duk wuraren nan jama'a ne da aikin, hukuma ta buɗe hanya ne ko kuma ta ƙi tarewa.

Bayan takarda sai ruwa, don da jarka ake ɗebowa kuma da rani ba za mu iya ba. Sai gwajin ƙasa, wannan kam yana hana ni barci, don wurin da aka daɗe ana zubar da tsofaffin batura akwai tsoron dalma, kuma yara ta fi yi wa illa, shi ya sa har yanzun a buhuna muke shuka da ƙasar da muka kawo daga wani wuri. Sannan motar shara. Mun sha wuya kafin mutane su yarda su ware roba daban kwalba daban, in mota ba ta zuwa sai su ga duk an sake haɗewa a tuli ɗaya, wa zai ƙara sauraronmu?

Ɗaya kuma, ka yi haƙuri zan faɗa. Duk 5 ga Yuni ana bikin ranar muhalli ta duniya, a kafa rumfa a buga riguna a dasa tsirrai goma gaban kyamara, bayan sati biyu akuya ta cinye. Kuɗin rumfar nan kaɗai zai ja mana famfo. Kuma dan Allah kar a kafa mana kwamiti daga sama ko a manna hoton wani a ƙofar lambun, 'yan kowace jam'iyya akwai a cikinmu kuma lafiya lau muke riƙe shebur ɗaya.

Muna wurin duk Asabar daga ƙarfe 7 na safe. Ka zo ba tare da tawaga ba, ka sa takalmin da ba ka jin tsoron ya ɓaci. Mun riga mun rubuta takardar neman izinin da sunayen gidajen da ke ciki, tana hannun sakatariyarmu, sa hannunka ya rage.

Naka,
Wani mazaunin unguwa, mai kula da ramin taki