An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Jabun Kayan Ado da Taurarin Koriya ta Kudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya faru a Koriya ta Kudu, wanda da farko na ɗauka bai shafe mu ba, sai da na lura da yadda 'ya'yanmu suke bibiyar mawaƙa da taurarin wannan ƙasa a wayoyinsu dare da rana. Ni ɗan kasuwa ne, na shafe fiye da shekara ashirin ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, saboda haka maganar jabu da na gaske ba baƙuwa ba ce a wurina, da ita nake kwana kuma da ita nake tashi.

'Yata da take karatu a jami'a ce ta kawo mini labarin wata rana bayan sallar isha'i, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, kai da ka san kaya, dubi wannan sarƙar ka gaya mini ko ta gaske ce." Na ce mata ni ba na gane kaya a hoto, sai na murza shi tsakanin yatsuna, na duba gefensa da lambar da aka buga masa. Ta yi dariya ta ce ai mutanen Koriya a hoto suka gane, kuma da hoton suka durƙusar da mai sarƙar.

Matashiyar sunanta Song Ji-a, an fi saninta da FreeZia, kuma ta yi suna ne a YouTube wajen nuna kwalliya da sutura. A watan Disamba na 2021 ta fito a wani shirin Netflix mai suna Single's Inferno, farin jininta ya haura har ya tsallaka ƙasashen waje, masu bin tasharta suka doshi miliyan 2. Abin da ya ja mutane gare ta shi ne kamannin 'yar gata wadda ta tashi cikin daula, irin waɗanda mutanen Koriya suke kira masu cokalin zinare. Ba a yi wata guda ba sai masu sa ido a intanet suka fara jera hotunan kayan da ta sa kusa da na kamfanonin da suka ƙera su, suna nuna inda ɗinki ya karkace, inda launi ya saɓa, da inda maɗaurin sarƙa ya fita daga wurinsa. Aka ambaci riguna masu tambarin Chanel da Dior da sarƙar Van Cleef & Arpels, dukansu manyan kamfanonin kayan alatu, har da jakar Dior da ta riƙe a hoton tallar turaren kamfanin Dior ɗin kansa. A ranar 17 ga Janairu, 2022 ta wallafa takardar neman afuwa da rubutun hannunta, inda ta amsa cewa wani ɓangare na zargin gaskiya ne. Bayan mako guda ta sake fitowa a bidiyo ta ba da haƙuri, ta ɓoye abubuwan da ta wallafa, ta janye jiki na tsawon watanni, wata tashar talabijin kuma ta yanke ta daga shirin da aka riga aka naɗa da ita.

Ba na cikin masu cewa ba ta yi laifi ba. Amma ya kamata a fayyace laifin, domin ba sa jabu ne kaɗai ya jawo mata ba. A rumfata nakan ajiye atamfa mai tsada da kuma mai sauƙin kuɗi wadda aka kwaikwayi zanenta, kuma idan mace ta zo haɗa lefe nakan shimfiɗa mata su biyun in gaya mata wannan kaza ce, wannan kuma kaza ce, ta zaɓa daidai ƙarfinta, mu rabu lafiya. Ranar da na miƙa mata ta biyun na yi shiru, na bar ta tana zaton ta farkon ce, to ranar na ci amana, ko da bakina bai furta ƙarya ba. Kamfanin da yake kula da harkokin wannan matashiya ya musanta cewa ta taɓa gabatar da jabu a matsayin na gaske, kuma da aka kai wasu kayanta wurin masu tantancewa an samu na gaske a ciki. Duk da haka, jarin da take juyawa shi ne yardar masu kallo cewa rayuwar da suke gani ita ce rayuwarta, kuma a kan wannan yarda kamfanoni suke biyan ta kuɗin talla. Ya zo a hadisi ingantacce cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Ban san wata magana da ta fi wannan dacewa da sana'ar masu tasiri a kafafen sada zumunta ba.

Inda nake da ja shi ne yadda aka tattara fushin duka aka sauke a kan mutum ɗaya, aka bar sauran waɗanda suka ci riba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ba ita kaɗai take gina irin wannan suna ba. Akwai kamfanin da yake tsara mata aiki yana karɓar kasonsa, akwai masu shirin da suka ɗauke ta da waɗannan kaya suka watsa wa duniya, akwai kuma kamfanonin da suka ba ta talla ba tare da sun dubi abin da ke rataye a kafaɗarta ba. Sannan akwai wanda ya ɗinka jabun da wanda ya shigo da shi da wanda ya sayar, alhali su ne dokar ƙasar ta nufa kai tsaye. Dokar tambarin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ko tarar da za ta iya kai won (kuɗin ƙasar) miliyan 100 ga wanda ya keta haƙƙin tambari, kuma masu ƙerawa da masu sayarwa take hukuntawa, ba wanda ya saya domin amfanin kansa ba. Wannan ya bambanta da Faransa da Italiya, inda mai saye ma yana iya fuskantar tara. Ke nan a idon doka ita ce mafi ƙarancin laifi a cikin jerin, amma a idon jama'a ita ce ta ɗauki nauyin kowa, yayin da rumfunan da aka san su da irin wannan kaya a unguwar Dongdaemun ta birnin Seoul suka ci gaba da buɗewa da dare.

A shekarar 2022 ɗin dai aka ga abin da ya fi kama da ɗaukar alhaki na gaskiya. Babban kantin sutura na intanet a ƙasar, Musinsa, ya sayar da wasu riguna masu tambarin Essentials na kamfanin Fear of God, sai wani dandalin saye da sayarwa mai suna Kream ya ce jabu ne. Suka yi ta musayar yawu har kamfanin da ya mallaki tambarin ya tabbatar a watan Afrilu na 2022 cewa rigunan ba nasa ba ne, Musinsa ya ba da haƙuri ya kuma yi alkawarin biyan masu saye ninki biyu na kuɗinsu. A wurina na ɗan kasuwa, wannan ya fi takardar hannu da hawaye a gaban kyamara nauyi, domin wanda aka cuta ya ga abu a hannunsa.

Sai kuma mawaƙan da matasa suke kira K-pop, waɗanda a ganina su ne tushen ƙishirwar da jabu yake kashewa. Jennie ta ƙungiyar Blackpink jakadiyar Chanel ce, wato mai tallata kayan kamfanin, Jisoo ta Dior, Rosé ta Saint Laurent. A 2021 Louis Vuitton ya ɗauki ƙungiyar BTS gaba ɗaya a matsayin jakadunsa, a farkon 2023 kuma Dior ya ɗauki Jimin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hyein ta ƙungiyar NewJeans, wadda Louis Vuitton ya naɗa jakadiya a ƙarshen 2022 tana da shekara 14 kacal. Yawancin abin da waɗannan taurari suke sawa a filin jirgi da wuraren biki ba da kuɗinsu suka saya ba, kamfani ne yake ba su kyauta ko aro, kuma ana biyan su domin su sa. Wato zanen aro ne, sai dai nasu an halatta shi da kwangila. Yarinyar da take kallo daga ɗakin kwanan ɗalibai ba ta ganin kwangilar, jakar kawai take gani a hannun sa'arta, kuma idan kuɗinta bai kai ba ta san inda za ta samu mai kama da ita.

Alƙaluma sun nuna girman wannan ƙishirwa. Bankin Morgan Stanley ya ƙiyasta cewa a 2022 mutanen Koriya ta Kudu sun kashe kusan dala biliyan 16.8 a kan kayan alatu, wato kimanin dala 325 ga kowane mutum, abin da ya zarce kason kowane mutum a Amurka da China. A manyan kantunan Seoul an sha ganin layi tun kafin gari ya waye, mutane suna jiran a buɗe ƙofar shagon Chanel. Al'ummar da ta mai da tambari ma'aunin mutunci, sannan ta taru ta jefe wadda ta samo tambarin ta hanyar da ba ta dace ba, ya kamata ita ma ta dubi kanta.

Idan aka kama wani mawaƙi da rigar jabu ko wadda aka saci zanenta, abin da aka saba ji shi ne ba shi ya zaɓa ba, masu shirya masa sutura ne. Akwai gaskiya a ciki, domin kayan da suke hawa dandali da su kamfani ne yake tanadar su, kuma magoya baya a can sukan yi hayar mota mai allon rubutu su girke ta a ƙofar kamfanin suna neman a canza masu shirya suturar. Amma dubi inda sandar take sauka: a kan ƙaramin ma'aikaci da ba a san sunansa ba. Tauraro yana karɓar yabo idan kwalliya ta yi kyau, kamfani yana karɓar kuɗi, idan kuma ta ɓaci sai a nuna yaron da ya ɗauko rigar. Wanda sunansa da fuskarsa suke sayar da kaya bai kamata ya zama shi kaɗai ne ba a tambaya ba, kamar yadda ni ba zan ce laifin yaron shagona ba ne idan aka samu algus a turmin da ya fita daga rumfata.

Su ma masu na gasken ba su tsira ba. A watan Yuni na 2024 wata kotu a birnin Milan na Italiya ta sa wani reshen Dior da ke ƙera jakunkuna ƙarƙashin kulawarta, bayan bincike ya gano ana bautar da ma'aikata a masana'antun da ake ba aikin, kuma takardun shari'ar sun nuna jakar da aka biya Yuro 53 a haɗa ta ana sayar da ita Yuro 2,600 a shago. Wannan ba ya halatta jabu, domin satar tambari sata ce, kuma mu a Arewa mun ga yadda atamfar kwaikwayo da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ta taimaka wajen rufe masaƙun Kaduna da Kano, dubban magidanta suka rasa abin yi. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ma ta ƙiyasta cinikin jabu tsakanin ƙasashe a 2019 da kusan dala biliyan 464. Amma ban ji wani jakada daga cikin taurarin ya rubuta takardar neman afuwa da hannunsa a kan batun Milan ba, kuma ban ji magoya baya sun nemi a rubuta ba.

Koriya ta Kudu ta taɓa nuna cewa ta san hanyar gyara. A 2020 aka bankaɗo cewa wasu fitattun masu tashoshin YouTube suna nuna kaya suna cewa da kuɗinsu suka saya, alhali biyan su aka yi. Bayan hayaniyar, sababbin ƙa'idojin Hukumar Kula da Adalci a Kasuwanci ta ƙasar suka fara aiki a ranar 1 ga Satumba na shekarar, waɗanda suka wajabta a bayyana a sarari duk inda akwai kuɗi ko kyauta a bayan yabo, kuma kamfanin da ya ba da tallar yana cikin masu amsa tambaya. Irin wannan mataki nake ganin ya kamata a faɗaɗa zuwa sutura: duk wanda yake cin abinci da nuna kaya ya faɗi wanne ya saya, wanne aka ba shi aro, wanne kuma kwaikwayo ne, kamfanin da yake kula da shi kuma ya ɗauki alhakin tantancewa kafin a ɗauki hoto.

Malam Edita, abin da ya sa na ga wasiƙar ta cancanci shafinka shi ne 'yan matanmu da samarinmu na TikTok da Instagram sun kama wannan hanya, suna tallar jakunkuna da takalma da agogo masu manyan tambura a farashin da duk ɗan kasuwa ya san ba zai yiwu ba, kuma ba sa faɗin ko biyan su aka yi. A makon jiya wata mata ta zo rumfata da hoton wata atamfa da ta gani a jikin wata mai talla, ta ce irinta take so, kuma ta gaske. Da na gaya mata kuɗin ta gasken sai ta yi shiru, ta sake duba wayarta, ta ce to ai ita waccan rabin wannan kuɗin ta faɗa. Roƙona shi ne wakilanku na shafin nishaɗi, idan sun zauna hira da waɗannan matasa, su riƙa tambayar su wa ya biya, kuma daga ina kayan suka fito.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano.