Lambar Mersenne ta 52: gyara ga abin da yaranmu ke haddacewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu malaman lissafi ne a unguwannin Zango na Kumasi, kuma akwai kuskuren da muke son a gyara tun kafin ya zauna a kan ɗalibanmu. Tun da aka ji labarin babbar lambar firam da Luke Durant ya gano a watan Oktoba na 2024, ƙarƙashin GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu neman manyan lambobin firam da kwamfuta, wasu yara suka ɗauka cewa duk lambar da aka samu ta ninka 2 a kanta sau p, sannan aka cire 1, to firam ce muddin p ɗin firam ce. Ba haka ba ne.

Firam ita ce lambar da ta haura 1, wadda ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Wadda Durant ya gano ita ce 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 cikin lambobin Mersenne firam da aka sani, wato firam masu siffar 2^p − 1. Dole ne p ta zama firam, amma hakan bai wadatar ba. A ɗauki p = 11: amsar 2,047 ce. Raba sidi 2,047 ga mutum 23, kowa zai tashi da 89 ba saura. Ke nan ba firam ba ce. A lura kuma cewa 23 da 89 duk sun haura ninkin 22 da ɗaya tak. Haka masu raba irin waɗannan lambobi suke, ninkin 2p a ƙara 1.

Gwajin da ke tabbatarwa shi ne na Lucas da Lehmer, kuma yaro mai shirin jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE zai iya yinsa a takarda. A fara da 4. A ninka ta a kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura kawai. A maimaita sau p − 2. In an ƙare da sifiri, firam ce. Ga 31, inda p take 5: 14, sai 194 da ke barin saura 8, sai 62 da ke barin 0. Ga 2,047 kuwa, mataki na tara yana tsayawa a 1,736.

Wuri biyu ake yin tuntuɓe. Wasu kan manta da ɗaukar saura a kowane mataki, sai lambar ta kumbura ta fi ƙarfin kalkuleta, ta fara yanke alƙaluman ƙarshe, alhali su ne ake bukata. Wasu kuma su ƙirga matakai p maimakon p − 2.

Muna roƙon jaridarku ta ware ɗan fili kowane wata don irin wannan lissafi da Hausa, mu kuma za mu riƙa aiko da tambayoyi da amsoshinsu.

Wasu malaman lissafi,
Aboabo, Kumasi