Ku gaya wa Kawu ba gardi na zama ba

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kana lafiya, ya maman yara da yaran duka, ya jikin Inna, ina gaida Baba da kyau da kyau. Ni dai alhamdulillahi lafiya lau nake, sanyi ne kawai shi ma an saba. Na ga gara in rubuto a rubuce ne saboda in na kira waya kowa sai ya karɓa ya gaisa har sabis ya ɗauke ba a yi maganar da ta sa na kira ba.

Maganar kuɗi tukuna. Na turo fam 150 ta manhajar nan da muka saba, ka duba asusunka ka gaya min nawa ya faɗo a naira don canjin kullum rawa yake. Rabi na maganin hawan jinin Inna ne da kuɗin motar kai ta asibitin Shika ranar ganin likita, kuma a ɗauko mata ɗan sahu shata, kar a sake ɗora ta a mashin. A cikin ragowar a cire kuɗin rijistar JAMB na Auta, kai da kanka za ka je ka biya, kar ka danƙa masa a hannu. Abin da ya yi saura a ba Baba ya sa a aljihu, ba na cefane ba ne, nasa ne. Kuma ba na gudummawar bikin gidan Gwaggo ba ne, na san za ta zo da maganar, ka ce mata ina sane da ita wani watan in Allah ya hore.

To sai abin da ya hana ni barci. Labari ya zo min cewa Kawu ya zauna a majalisar ƙofar gida yana cewa wai an yanka gonar Dakace an sayar da rabi an tura yaro Ingila ya koyo kwasar kashin kura, wai da an sani da an haɗa ni da gardawa kyauta, har da cewa in na dawo in wuce Kano in binciko gwaggon birin nan da aka ce ya haɗiye miliyoyi a 2019. An yi dariya, Baba yana zaune bai ce komai ba ya tashi ya shiga gida. Wannan tashin na Baba shi ne ya dame ni wallahi, ba dariyar ba. Na san daga ina abin ya fito, hoton da na sa a Facebook ne ina tura baro da dogon takalmin roba. E, ni ne, kuma kashi ne a baron, ban ɓoye ba. Amma ka zaunar da Baba ka karanta masa wannan a hankali.

Digiri nake yi na shekara uku, na kula da namun daji da tafiyar da gidan zoo. Ba likitancin dabbobi ba ne irin na Samaru, shi ya sa maganar Kawu ta cewa ga ABU nan a ƙofar gida ba ta shiga ba, na ABU likita ne, na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, kuma shanu ne da tumaki da kaji. Mu namu shi ne wanda yake tare da dabbar kullum, ya san cinta da shanta da halinta, shi ke fara ganin ba ta da lafiya kafin a kira likita. Kuma ta kashin nan da ake wa dariya ake ganewa, don naman daji ba ya nuna ciwo, in ya nuna a daji cinye shi za a yi, sai ya daure har ya faɗi. To mai kula da shi da safe yana shara yana dubawa, ya yi ruwa ne, akwai tsutsa, ya ragu, abincin jiya an bar saura? Duk sai ka rubuta, a shigar a kwamfuta a wata manhaja da ake kira ZIMS wadda gidajen zoo na ƙasashe da yawa suke zuba bayanansu a ciki. Kowace dabba da lambarta da tarihinta, uwarta da ubanta, har kakanni, saboda kar a haɗa 'yan uwa na jini su haihu zuriya ta lalace. Akwai wanda aikinsa kenan, ya riƙe littafin asalin irin dabba ɗaya a duk Turai, shi zai ce a ɗauki namijin nan daga Jamus a kai shi Faransa. Ko Gwaggo da take haɗa aure ba ta kai su bin diddigi ba.

Abinci ma a sikeli ake aunawa. Akwai darasi guda a kan wannan kawai, kuma shi ya fi ba ni wuya saboda lissafi. Raƙumin dawa ba ciyawar ƙasa yake ci ba, ganyen itace ne, a nan kuma da sanyi itatuwa tsirara suke, sai a yanki rassa tun da zafi a adana, a rataye masa a sama don ya miƙa wuya kamar yadda Allah ya halicce shi. Birai an rage ba su ayaba da kayan marmari na kasuwa saboda sukarinsu ya fi na daji yawa, haƙoransu na ruɓewa su yi ƙiba, sai ganye da kayan lambu. Na ji wannan na yi shiru, don mu tun muna yara ayaba da gyaɗa muke jefa musu.

Abin da ya fi burge ni shi ne horo. Ba duka ba tsawa, sanda ce mai ƙwallo a baki, dabba ta taɓa da hanci a ba ta lada, a hankali a hankali har ta koyi hawa sikeli da kanta, ta miƙo ƙafa a gyara mata kofato, zaki ya kwanta jikin waya ya bari a jawo wutsiyarsa a ɗebi jini ba tare da an yi masa allurar barci ba. Giwa yanzu a manyan wurare ba a shiga wajenta, kullum da shinge tsakaninku, ita za ta zuro ƙafa ta taga. Sannan ana koya mana yadda za a hana su zaman banza, ka san yadda akuya in ta daɗe a turke take ta zagaye wuri ɗaya, to haka damisa take yi in ta gaji da keji, sai a riƙa ɓoye mata nama tana nema, a watsa mata ƙamshin da ba ta saba ji ba. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɗalibi ba a barinsa kusa da zaki, ni yanzu ƙananan dabbobi ne da tsuntsaye da kunkuru, kuma ko'ina ƙofa biyu ce, ba ka buɗe ta biyu sai ka rufe ta farko, kwaɗo kuwa sai ka ja shi da hannu ka tabbatar ko da kai ka kulle.

Su mutanen nan sun daɗe a harkar. Gidan zoo na Landan tun 1828 aka buɗe shi, na Chester da aka kai mu ziyara tun 1931, kuma suna da doka ta 1981 da ta ce duk mai nuna wa jama'a namun daji sai da lasisi daga ƙaramar hukuma, masu bincike su zo su duba. A aji an kawo misalin raƙuman dawa na Kure a Nijar, a 1996 saura 49 kacal, da aka tsaya a kansu yanzu sun wuce 600. Malamar ta juyo ta tambaye ni ko kusa da garinmu ne, na ce makwabta ne, na ba su labarin giwayen Yankari. Ranar na ji daɗi ba kaɗan ba. Kuma ka san gauraka da ake cewa tsuntsun ƙasarmu ne? Ban taɓa ganinsa da idona ba sai a nan, a cikin sanyi, an kunna masa hita.

Maganar najasa da Inna ta aiko a tambaye ni, kayan aiki daban suke, a can nake barinsu, ina da safar hannu, ina wanka in sa nawa kafin sallah. Akwai ɗan ɗaki a makaranta da muke sallah ni da wasu 'yan Fakistan. In hankalinta bai kwanta ba a tambayi Malam na masallacin unguwa, abin da ya ce shi zan bi.

Ba zan yi maka ƙarya ba Yaya, aikin nan ko a nan albashinsa ba shi da yawa, kusa yake da mafi ƙarancin albashi, kuma masu nema sun fi gurbi yawa, sai ka yi aikin sa kai kyauta kafin a san da kai. Wannan kar ka karanta wa Baba. Amma ni ba don in zauna nan na zo ba, muna da Yankari, muna da Kamuku a jiharmu in Allah ya kawo zaman lafiya Birnin Gwari, ga Jos ga Kano ga jami'o'i, mai takarda a wannan fannin ba su da yawa. Wani lokacin dai in na tuna gonar nan da yadda Baba yake zuwa da kekensa tun asuba sai abinci ya fita raina. Zan fanso ta in sha Allahu, ko ita ko wadda ta fi ta.

Kason kuɗin makaranta na biyu a Janairu ne. Kar kowa ya taɓa ragowar gonar, kar a sayar da saniyar Inna, na ji an fara wannan maganar. Bizar ɗalibi awa 20 ta yarda mutum ya yi aiki a sati lokacin karatu, ina yi a wani sito da dare muna jera kwali, da hutu kuma an yarda a yi cikakke, zan haɗa. Ba wani wahala ba ne, tsayuwa ce kawai, kuma yanzu ƙarfe huɗu duhu ya yi to dare da rana duk ɗaya ne. Ɗakin ma na koma wanda muke mu biyu, ya fi sauƙi, ga hira.

Auta kuma. An ce ya daina zuwa lesin ya karɓi mashin ɗin abokinsa yana acaɓa tsakanin Kwangila da PZ har dare. Yaya kai ne babba, ka ja masa kunne tun wuri, ka ce in ji ni wayar da ya roƙa ba zai gani ba sai na ga takardar rijistarsa da idona. Ni ina nan ina daskarewa shi yana can yana yawo da ran mutane a bayansa ba ko hular kwano. Kar ka dake shi dai, ka san zuciyarsa, a yi a gaban Baba.

In wani zai taho a sa min kuka da daddawa da yajin Inna, a ɗaure da kyau, kilishi kar a sa don ƙwacewa suke a filin jirgi. Hotunan hawan sallah da ka turo na Ƙofar Doka da fada na kalla har na gaji, ka ƙaro in akwai.

Ka tuna, rabi na Inna, rijistar Auta kai za ka biya da hannunka, saura na Baba. Ka turo min hoton rasit da na kwalin maganin in ga irin wanda likita ya rubuta. Kawu kuma ka gaishe shi, kar ka yi masa rashin kunya, ka ce na ji saƙo. A gaida Gwaggo da su Malam da duk 'yan majalisa.

Ƙaninka.