Rahoton Kwamitin Gini kan Sabon Benen Makarantar Islamiyya a Sabon Zango, Accra

Assalamu alaikum. Kwamitin da jama'a suka ɗora wa alhakin gina sabbin azuzuwa yana sanar da iyaye, malamai da dattawan unguwa cewa an kammala aikin, kuma ya zama wajibi mu bayyana dalilin da ya sa aka tsaya a bene ɗaya maimakon biyun da aka yi alkawari.

Kafin a zuba harsashi, injiniya ta sa an haƙa ramukan gwaji, aka tarar da ciko da laka mai taushi, ruwa kuma yana kusa da sama, abin da ba zai ba kowa mamaki ba ganin kusancinmu da tafkin Korle. Ta tunatar da mu cewa girgizar ƙasa ta 22 ga Yuni 1939 ta hallaka mutum 17 a wannan birni, kuma ko a 2018 da 2020 an ji motsinta. Bayanin da ya fi ratsa mu shi ne cewa ƙasa mai taushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi kafin ta isa jikin gini, shi kuma ginin idan ya yi tangaɗi yana danna harsashinsa ta gefe ɗaya, har ƙasar ta lotsa ya karkace. Laka irin ta tsohon tafki ce ta sa birnin Meziko ya yi mummunar asara a 1985, alhali tushen girgizar yana nesa da shi da kilomita sama da 300.

Saboda haka aka fasa yi wa kowane ginshiƙi gindinsa daban, aka zuba faifan kankare guda mai rodi sama da ƙasa wanda ke ɗauke da ginin baki ɗaya. An matse zoben rodi a mahaɗar ginshiƙai da rufin kankare, aka kuma bar tazara tsakanin sabon ginin da tsohon, don kada su riƙa karo idan ƙasa ta motsa. Wasu daga cikinmu sun ji zafin ganin kuɗin bene guda ya shige ƙasa inda ido ba ya gani, an kuma yi doguwar muhawara, amma kwamiti ya tsaya a kan cewa yara ne za su zauna a ciki.

Muna roƙon duk kwamitin da zai gaje mu kada ya ƙara bene sai an sake gwada ƙasar. Zanen ginin da sakamakon gwajin suna hannun shugaban makaranta.