Don Allah a ba yara kwalin ashana su ƙirga da hannunsu

Assalamu alaikum Edita, ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da malaman lissafi na firamare, musamman nan Kaduna inda nake koyar da lesin da yamma.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koya wa yara siffofi. Malam zai zana akwati a allo, ya ce fuska 6, gefe 12, kusurwa 8, yara su amsa da ƙarfi, shi ke nan an wuce. To ai zanen allo fuska uku kawai yake nunawa, sauran ukun suna baya, yaro bai gansu ba amma an ce ya yarda, shi ya sa da ka canja masa siffa sai ka ga ya yi tsuru-tsuru yana kallon rufi, kuma wallahi ba daƙiƙanci ba ne, ba a taɓa sa masa abin a hannu ba ne kawai.

Ni kwalin ashana nake ba su da alli. Duk fuskar da yaro ya ƙirga ya ɗiga mata alli don kar ya maimaita, sannan ya bi gefe-gefe da yatsa, huɗu a sama, huɗu a ƙasa, huɗu a tsaye, 12 ke nan. Dunƙulen magi ma yana yi, ko sabulun wanki, ko bulo na ƙasa. Wanne gida ne babu waɗannan daga Rigasa har Kawo?

Kuma akwai wani abu mai daɗi da ban ga ana gaya wa yaran ba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Leonhard Euler ya lura a 1750 cewa in ka haɗa yawan fuska da yawan kusurwa ka cire yawan gefe, 2 za ka samu, matuƙar fuskokin a shimfiɗe suke kuma siffar ba ta da rami ko lotsawa. Kwalin ashana: 6 da 8 sun zama 14, cire 12, saura 2. Dalar Masar mai gindi murabba'i fuska 5, kusurwa 5, gefe 8, nan ma 2. Har tsohuwar ƙwallon nan mai baƙi da fari, irin wadda aka buga a gasar kofin duniya ta 1970, in ka ɗauki kowace fata a matsayin fuska a shimfiɗe, fata 32 ce, ɗinki (gefe) 90, mahaɗa (kusurwa) 60, lissafa ka gani. Yaron da ya san wannan shi da kansa zai gane in ya tsallake gefe ɗaya, ba sai ya jira jan biro ba. Gwangwanin madara dai ba ya cikin wannan ƙa'ida tunda jikinsa a lanƙwashe yake, a bayyana musu haka tun farko.

Ina kira ga shugabannin makarantu su sa kowane yaro ya zo da kwali ɗaya daga gida ranar da za a yi darasin, iyaye kuma don Allah in an aiko a ba su.

Naku,
Malamin lesin, Tudun Wada, Kaduna