Marainiyar da ba mu ga maraicinta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Yabon da na gani a shafinku na adabi ne ya sa na aiki ƙanena kasuwar Sabon Gari ya sayo mini littafin nan na yarinyar da mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara 13. A dare biyu na karance shi, kuma gaskiya ban ji daɗinsa ba.

A babi na biyu uban ya rasu. Aka yi kuka shafi uku, aka yi sadakar uku, sai kawai aka tsallake shekara biyar. Ga yarinya ta zama budurwa, ga ɗan wani Alhaji ya faka mota a ƙofar gida. Daga nan har bangon ƙarshe soyayya ce da makircin dangin miji. Ni ba na ƙin labarin soyayya, da shi muka tashi. Amma mai sharhinku ce mana ya yi labarin maraici ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, wai uwar ta fita takaba ranar sadakar arba'in. Haba! Wata huɗu da kwana goma ne, yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 234, kuma kowace tsohuwa a unguwa ta sani. Maganar gado kuwa ko layi ɗaya babu. Ina tumunin uwar? Ina baffan da kan riƙe takardun gida ya ce sai yara sun girma?

Ina 'yar shekara 14 Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kukan ranar farko ba shi na fi tunawa ba. Inna ta fi mako biyu tana zuba tuwo a kwanonsa, ta rufe da faifai, sannan ta tuna, sai ta koma bakin murhu ta zauna shiru. Takalmansa suna zaure har damina ta wuce, an rasa mai ƙarfin halin ɗaukewa. Yayana ya bar makaranta ya shiga faci, bai taɓa cewa komai ba har yau. Irin wannan na zo nema a littafin.

Na yi niyyar in ba autarmu, wadda Baba ya bari a goye, ko ta karanta abin da muka kasa gaya mata da baki. Na fasa. Yana nan cikin akwati.

Wassalam,
Wata mai karatunku, daga Kano