A sa mana fim ɗin Umar Mukhtar da Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi kira ga gidajen talabijin ɗinmu da masu fassara finafinai. Kullum ana juya mana finafinan Indiya zuwa Hausa, to ina roƙon a yi wa *Lion of the Desert* wannan gata, fim ɗin da Mustafa Akkad ya fitar a 1981 kan gwagwarmayar Umar Mukhtar da sojojin Italiya a Libiya.

Akwai tankoki da dawaki da ƙurar yaƙi, duk an yi su da mutane na gaske, babu dabarar kwamfuta. Amma abin da ya fi kama ni shi ne jarumin kansa. Dattijo ne mai furfura, malamin allo, wanda ya tashi daga gaban almajiransa ya shiga duwatsun Jabal Akhdar, ya yi shekara 20 yana hana Italiya barci. Anthony Quinn ya fito da shi da natsuwa, ba ihu ba bugun ƙirji. Wurin da yaransa suka so kashe wani hafsan Italiya da aka kama, shi kuma ya hana, ya nuna musu ba daga abokan gaba ake koyon hali ba, wallahi ya isa a nuna wa kowane matashi.

Fim ɗin bai ɓoye ta'asar Janar Graziani, kwamandan sojojin Italiya, ba: sansanonin da aka tsare makiyaya har yunwa da cuta suka cinye dubbai, da shingen waya mai ƙaya a iyakar Masar don a yanke wa mayaƙa abinci da makamai. An rataye Umar a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931, a gaban mutanensa. Fim ɗin ya yi wa Italiya zafi har ta hana nuna shi a 1982, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can.

Kuma labarin ya shafe mu. Umar ɗan ɗariƙar Sanusiyya ne, wadda ta mara wa Kawsan, jagoran Abzinawa, baya sa'ad da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916.

Iyayenmu mata da yara da yawa ba sa jin Turanci ko Larabci. A nemi izinin masu fim ɗin, a samo muryoyin dattawa masu nauyi, kada a cusa barkwanci a ciki, a sa mana shi a watan Satumba.

Naka,
Mai karatu daga Damagaram